Za mu Beppu bikin gama karatun yaro, ta ina za mu bi daga Legas?

Alhaji na Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana na biyu zai karɓi digirinsa a watan Satumba, a wata jami'a da ake kira APU a garin Beppu, can kudancin Japan, bakin teku. Shekara huɗu ke nan ban sa shi a ido ba sai ta waya. Mahaifiyarsa ta ce ko da rarrafe sai ta je. Ni harkata albasa ce a kasuwar Mile 12, iyakar tafiyata waje Saudiyya, ita ma cikin ayari, wani ke riƙe da takardu.

Yaron yana ta turo mini bayani, amma shi matashi ne, komai a wurinsa "Baba ai da sauƙi". Hajiya kuwa tana fama da ciwon gwiwa, ba ta jure doguwar tafiya a ƙasa. Wace hanya ce ba za ta wahalar da ita ba? Sannan ya ce garin na ruwan zafi ne mai fitowa daga ƙasa, mutane na zuwa don ciwon gaɓoɓi. Ina so ta gwada, sai dai na ji an ce tsirara ake shiga. Gaskiya ne? Ta kuma riga ta aika Kano a yi masa kilishi.

Maryam Ikeja:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sanya albarka. A wannan makarantar na yi karatu, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Kafin komai, don Allah a bar kilishin nan a gida. Japan ba ta yarda a shigo mata da nama daga ƙasashenmu, ɗanye ko busasshe. Akwai karnuka masu shinshina jaka a wurin ɗaukar kaya, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3, ko ɗaurin shekara 3. A ajiye masa, ya ci idan ya dawo.

Babu jirgin da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Japan. Ko ku bi ta Adis Ababa, ko Doha, ko Dubai, ko Istanbul. Abin da za ku dubawa a tikiti shi ne sunan filin da za ku sauka, domin Tokiyo filin jirgi biyu gare ta, Narita da Haneda, kuma tsakaninsu ya fi awa ɗaya a bas. Yawancin jiragen da ke zuwa Oita, wato filin da ya fi kusa da Beppu, daga Haneda suke tashi. Saboda Mama, ku nemi wanda zai sauke ku a Haneda. Daga nan awa ɗaya da rabi da 'yan kai ne zuwa Oita, sai bas na kusan minti 50 ya ajiye ku a tsakiyar Beppu. Ku ce a rubuta mata keken guragu tun wurin sayen tikiti, za a tura ta har ƙofar jirgi a kowane zango. Ba abin kunya ba ne, filayen nan girma gare su.

Maganar wanka gaskiya ne. A gidajen wanka na kowa da kowa, maza daban mata daban, amma ba a shiga da tufafi. Shekaru huɗu ban taɓa shiga ba. Sai dai akwai ɗakuna da ake haya na awa ɗaya, a rufe ƙofa, ku kaɗai, su suna ce masa wankan iyali. Suna da yawa a Beppu, wasu otal ma a cikin ɗakin kwana suke da shi. Akwai kuma wuraren da ƙafa kawai ake tsomawa, mutum na zaune da kayansa. Idan Mama na da hawan jini, ta fara tambayar likitanta, don ruwan zafi ne na gaske.

Abin da har yau nake kewa shi ne wata unguwa a Beppu mai suna Kannawa. Tururi ne ke tashi daga magudanun titi da bayan gidaje, kamar kowane gida an ɗora tukunyar biki. Akwai wurin da za ku sa ƙwai, dankali, masara da kifi a kwando, a zura cikin ramin tururin, ya dahu ba wuta ba mai. Ga Musulmi wannan hutu ne, kana ganin abin da za ka ci da idonka. Kusa da nan akwai tafkin Umi Jigoku, shuɗi shar, zafinsa digiri 98, kallo kawai ake yi.

Sani Idi-Araba:

Alhaji barka da arziki. Ni kayan gyaran mota ke kai ni Osaka, kuma sau ɗaya na ƙarasa Beppu wajen wani ƙanena. Jirgin ruwa na hau, Sunflower. Yana barin Osaka da daddare, awa 12 a kan ruwa, gari na wayewa kana Beppu. Da gado, da wurin yin salla a ɗakinka. Daga Dubai akwai jirgin sama zuwa filin Kansai na Osaka. Amma gaskiya bayan kwana guda a sama, ƙara wa Hajiya wani dare a hanya bai yi ba. Ku bar shi sai dawowa. Kuma Satumba lokacin guguwar teku ne a can, takan tsayar da jirgin sama da na ruwa, don haka ku isa da kwana uku kafin biki.

Biza kuma kada a yi sanya. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, yaron ne zai aiko takardar gayyata da shaidar makaranta. Ku tafi da dala ku canza yen a filin jirgi, ƙananan shaguna da yawa kuɗi a hannu suke so.

Maryam Ikeja:

Na manta, Baba. Akwai masallaci a cikin gari, ana Juma'a, za ku ga 'yan Indonesiya, Bangladesh da Pakistan. A gidan abinci kuma, ko kaza ce ku sa ya tambaya, don suna zuba giyar shinkafa a miya. Makarantar a kan tudu take, sama da rabin awa a bas daga tashar jirgin ƙasa, iska na kaɗawa sosai, Mama ta riƙe mayafi mai kauri. Japan na gabanmu da awa 8, kwana biyun farko barci zai rikice muku.

Alhaji na Agege:

Maryam, Allah ya yi miki albarka, ya saka wa iyayenki. Malam Sani na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya, maganar kilishin ta taɓa ta, ta yi shiru, don tun azumi take lissafinsa. Ta ce to a raba wa abokansa na unguwa. Na kira yaron ya fara haɗa takardar gayyata, kuma ya nemo mana ɗaki mai wurin wankan a ciki. Gobe in sha Allahu zan je wajen mai tikiti, na rubuta Haneda a takarda na sa a aljihu.