Neman kalma: me za mu kira "knight" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara shirin rediyo kan yaƙe-yaƙen Turai daga ƙarni na 11 zuwa na 15, ranar Alhamis za a naɗa. Kalmar "knight" ta tsaya mini a wuya. Na sa jarumi, sai na tarar da inda aka ce wasunsu sun ari ta kare a fagen daga.

Bazazzagi: Barde mana. Jam'i barade.

Malamar Tarihi: Barde ya ɗauko doki da mashi, amma ya baro ƙasa. Da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila a 1066, ya raba wa manyan mutanensa ƙasa, aka yanka wa kowa yawan mahayan da zai kawo. Mahayin na riƙe da gandu, talakawa na noma masa, shi kuma ya yi wa ubangidansa yaƙin kwana 40 a shekara. Ba don gandun ba, ina zai sami sulke, kwalkwali, dokin yaƙi, dokin hawa da na kaya? Sannan naɗi ne: yaro ya shiga gidan wani babba yana shekara 7, ya koma riƙe wa maigida makamai a 14, wajen 21 a ɗaura masa takobi.

Dattijon Zaure: To ga ta: bargandu. Barde da gandu. Na daɗe ina cewa mu riƙa ƙera namu.

Bazazzagi: Allah gafarta Malam, mai sauraro zai ɗauka bargo ake talla.

Ɗan Maraɗi: Ɗan sulke fa?

Malamar Tarihi: Sulke zobba ne ake sarƙawa. Kafin 1415 sun koma farantan ƙarfe, kilo 20 zuwa 25, har ƙafa. Kuma ba duk mai ƙarfe a jiki aka naɗa ba. Baba, gandun naka ma bai kai ƙarshen shirin ba. Tun ƙarni na 12 ake biyan kuɗi a madadin fita yaƙi, sarki ya ɗauki sojan haya da su. Rundunar da Sarkin Ingila Henri na Biyar ya kai Ajinkur ta Faransa a 1415 kwantiragi ce: naɗaɗɗe sule biyu a rana, mahayin da ba a naɗa ba sule guda, maharbi sisi. Masu sisin ne kuwa suka fi yawa, kibansu suka rikita dawakin Faransa a cikin taɓo.

Ɗan Maraɗi: A bar ta nayit kawai, yadda muka ari mota.

Bakano: Haba! Mota ba mu da ita muka ara. Doki kuma? Tarihin Kano ya ce Kanajeji ne ya shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, shi ma wajen 1400 ya yi sarauta. Mu da ke da Madaki da 'yan lifidi za mu je rancen sunan mahayi?

Dattijon Zaure: Shi ya sa na ce bargandu. Yaran yanzu in kalma ba daga Landan ta sauko ba, ba sa ganin girmanta.

Bazazzagi: Baba, ba wanda ya taɓa jin ta sai kai. Bakano, kai kuma ba hawan salla muka zo ba.

Malamar Tarihi: Faransawa da Jamusawa daga hawan doki suka ciro tasu kalmar. Ta Ingilishi asalinta yaro ne, bara mai hidima. Barden sarki ma ai yaron sarki ne, nan sun haɗu.

Mai Fassara: Na gode. Farkon fitowarta zan ce "naɗaɗɗen barde" in yi bayanin gandu da kwana 40, daga nan barde kawai. Waɗanda ba a naɗa ba, mahaya.

Dattijon Zaure: Ku je da barden. In kun zo kan "squire", mai riƙe wa maigida makamai, za ku neme ni.

Bakano: Ai wannan shi ne zagi, mai tafiya gaban dokin sarki, Baba.

Malamar Tarihi: Zagi ba ya hawa doki ya yi yaƙi.