Agabe na yana ruɓewa tun da na sa masa taki

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Ina da agabe guda 3 a tukunya nan gida Kabuga, shukar nan mai kama da alobera amma mai ƙaya a bakin ganye. Ganin sun ƙi girma sai na zuba musu NPK 15-15-15, bayan sati biyu na ƙara yuriya cokali guda, to wallahi tun daga nan ganyen ƙasa suka koma rawaya, gindin ɗaya ya yi laushi har da wari, ga wani fari-fari kamar kanwa a saman ƙasar. Na daina ban ruwa, na gauraya yashi, shiru.

Takin ne ya yi yawa in canja ƙasar gaba ɗaya?