Ɗana mai ciwon ƙoda ya fara jijjiga, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Likitoci da iyayen da suka taɓa shiga wannan hali, don Allah ku taimaka.

Ɗana shekararsa 9, wata biyu ke nan ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Duk ranar wanki sai ya dawo da ciwon kai da amai. Ranar Talata kuwa, muna cikin adaidaita sahu ya ce, "Umma, ba na gani." Sai idanunsa suka kakkafe, jikinsa ya hau jijjiga kusan minti uku. Muka juya asibiti, aka auna jininsa, 160/110.

Wani likita ya ce hawan jinin ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani ya ce saurin cire dattin jini ne lokacin wanki. Kakarsa ta dage iska ce, har ta aiko da rubutu cikin gora, alhali an ƙayyade masa ruwan da zai sha a rana.

Ganinsa ya dawo, alhamdu lillahi. Amma shin farfaɗiya ce da zai zauna da ita, ko za ta wuce in jinin ya daidaita? Hoton ƙwaƙwalwa na MRI dole ne? Wallahi kuɗin wankin ma da ƙyar muke haɗawa.