Totur ya maƙale mini a hanyar Zariya: wa zan tuhuma, dillali ko kamfanin da ya ƙera motar?

Abu Safiyya, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin mota da masu ilimin shari'a a kan abin da ya same ni ranar Asabar da ta gabata. Motata mai giyar otomatik ce, an yi amfani da ita a Amurka kafin a shigo da ita, kuma na saye ta a hannun wani dillali a nan Kano wata bakwai da suka wuce. Mun taso za mu Zariya ta'aziyya, ni da maiɗakina da yaranmu biyu. Da muka wuce Kura sai na taka totur domin in wuce wata tirela, bayan na wuce ta na ɗaga ƙafata, amma motar ta ƙi rage gudu. Injin ya ci gaba da ruri, allurar gudu tana ta hawa, na taka birki na saki na sake takawa har sau uku ko huɗu, a na ƙarshe na ji ya yi tauri kamar dutse na taka. Allah ne Ya kiyaye, domin babu mota a gabana a lokacin. Na zura tsinin takalmina ƙarƙashin totur na ɗago shi, sai injin ya lafa, na gangara gefen titi tayoyin gaba suna ta warin ƙuna, maiɗakina kuwa salati kawai take yi tana riƙe da ƙaramin yaron.

Bakanikena ya ce a wanke bakin injekta, a canza totur ɗin, a goge ƙwaƙwalwar motar, shi ke nan. Ban bari ya taɓa ta ba tukuna. Dillalin kuma ya ce an riga an yi ciniki, na gwada na gani kafin na biya. Da gangan na ƙi ambaton ƙirar motar, domin ban tabbatar da inda laifin yake ba. Ina so in san abin da ke jawo wannan matsala, da kuma ko akwai hanyar da mutum irina zai bi har kamfani ya ɗauki alhaki idan aibin daga ƙira yake.

Injiniya Panteka, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara kiyayewa, Ya tsare iyali. Zan fara da abin da ya kamata duk mai tuƙi ya haddace. Idan totur ya maƙale, a taka birki da ƙarfi sau ɗaya a riƙe, kada a riƙa takawa ana saki, sannan a tura giya zuwa firi, wato harafin N. Injin zai yi ihu mai ban tsoro, amma ƙarfinsa ya daina isa ga tayoyi, kuma motocin zamani suna da iyakar juyin da ba sa barin injin ya wuce. Bayan an gangara an tsaya ne za a kashe mota. Idan dole ta sa a kashe ta tana tafiya, a murɗa makulli mataki ɗaya kawai, kada a kai shi ƙarshe, domin sitiyari yana iya kullewa. Mai mota ta maɓalli kuma sai ya danna ya riƙe na wasu daƙiƙoƙi, domin dannawa ɗaya ba ta kashe ta a kan gudu.

Taurin birkin da ka ji yana da dalili. Tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki tana aiki ne da zuƙar iskar da injin ke yi lokacin da bakin injekta yake a rufe ko kusa da rufewa. Idan totur yana buɗe gaba ɗaya wannan zuƙar takan ragu ƙwarai, abin da ya rage a tukunyar kuma kowane takawa da saki yana cinye shi, shi ya sa a karo na huɗu ƙarfin ƙafarka kaɗai ya saura.

Akwai magana ɗaya a bayaninka da ta fi komai muhimmanci a wurina: ka ce da ka ɗago totur da takalmi injin ya lafa. Wannan yana nuna totur ɗin da kansa ne ya tsaya a ƙasa. Da a ce totur ya dawo sama amma injin ya ci gaba da ruri, da sai mu fara zargin kebur a tsohuwar mota, ko na'urar da ke karanta takun ƙafa a sabuwa. Saboda haka abu biyu nake zargi, ko dai shimfiɗar ƙafa ta zame gaba ta danne shi, ko kuma mahaɗin da totur ke juyawa a kai ya cinye yana cijewa. Ka leƙa da fitila ka ga shimfiɗa nawa ce a gefen direba. A gareji kullum ina ganin motoci da kafet na asali a ƙasa, an ɗora na roba mai kauri a kai, wani har da na uku, kuma ƙugiyoyin da ke riƙe su sun daɗe da karyewa. Wanke bakin injekta ba shi da alaƙa da wannan alamar, goge ƙwaƙwalwa kuwa zai share duk lambobin kuskuren da ta adana.

Ummu Aiman, Amurka

Yallaɓai Abu Safiyya, barka da arziki. Ban san ƙirar motarka ba, amma tambayarka ta biyu ta tuna mini da shari'ar da ta fi kowace shahara a nan kan wannan matsala, wato ta Toyota, kuma ina ganin akwai abin koyo a yadda ta gudana.

A ranar 28 ga Agusta, 2009, wani jami'in 'yan sandan hanya na jihar Kalifoniya yana tuƙa Lexus ES350, wadda Toyota ke ƙerawa, da dillali ya ara masa yayin da ake duba tasa. Totur ya maƙale a kusa da birnin San Diego, ɗan'uwan matarsa ya kira lambar gaggawa daga cikin motar yana cewa babu birki, kuma mutum huɗu suka rasu: shi da matarsa da 'yarsu da mai kiran. Bincike ya gano an sa wa motar shimfiɗar roba ta wata ƙirar daban wadda ta fi girma. Abin da ya fi ciwo shi ne, kwanaki kaɗan kafin nan wani da aka ara wa motar ya faɗa wa ma'aikatan wurin cewa totur ya maƙale masa, amma maganar ba ta kai ko'ina ba.

Kafin ƙarshen wannan shekara kamfanin ya yi kiran motoci kusan miliyan 4 a mayar da su domin gyara saboda shimfiɗa. A Janairun 2010 ya sake kiran miliyan 2.3 saboda wani aibi daban, inda wani ɓangare a cikin totur ke cinyewa, idan danshi ya shiga sai ya riƙa jinkirin dawowa, har aka dakatar da sayar da ƙirar mota takwas na ɗan lokaci. A watan Fabrairu shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka ya nemi afuwa. Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA cikin ranakun aiki biyar da gano aibi, saboda jinkirin da aka yi sai hukumar ta ci shi tarar dala miliyan 16.4 a wannan shekarar, wasu tarori kuma suka biyo baya. Babbar kuwa ta zo a Maris 2014, lokacin da kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 ga ma'aikatar shari'a, ya kuma amsa cewa ya yaudari jama'a game da abin da ya sani.

Batun ƙwaƙwalwar mota har yau ana saɓani a kansa. Injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun duba, a Fabrairun 2011 aka sanar cewa ba su sami aibin lantarki da zai jawo irin wannan gudun ba, NHTSA ta kuma ce a haɗurra da yawa direba ne ya taka totur yana zaton birki ne. Amma a Oktoban 2013 masu taimaka wa alƙali a jihar Oklahoma sun saurari masanan da suka karanta manhajar motar Toyota Camry ta 2005, suka yanke diyyar dala miliyan 3 a kan kamfanin. A fahimtata, abin da ya kai kamfanin ƙasa shi ne tarin koke-koken da mutane suka rubuta wa hukuma ɗaya bayan ɗaya, da takardunsa na cikin gida da doka ta tilasta masa fitarwa.

Abin da za ka iya yi yau ba tare da kashe ko kwabo ba shi ne ka kwafi lambar shasi, wadda suke kira VIN, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Ka shigar da ita a shafin intanet na NHTSA, zai nuna maka ko akwai kiran gyara da ba a kai motar ba. Motoci da dama da ake turowa gida daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, kuma babu wanda ke tsayawa ya kai su wannan gyaran kafin a loda su a jirgi.

Barista Tudun Wada

Malam Abu Safiyya, ka yi daidai da ka hana a taɓa motar, kuma ina roƙonka ka ci gaba da haka har a rubuta komai. Ka ɗauki hoton totur da shimfiɗar yadda suke yanzu kafin a motsa su, ka sa mai na'urar bincike ya karanta ƙwaƙwalwar ya buga maka sakamakon a takarda mai kwanan wata, ka rubuta abin da ya faru tun yana sabo a ranka, maiɗakinka ita ma ta rubuta nata daban. Duk abin da aka cire daga motar ka riƙe shi, kada ka bar wa bakanike. Yawancin ƙorafin irin wannan a gareji yake mutuwa, domin kafin a zo wurin lauya an riga an gyara an jefar da shaida.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce, kai wa kamfanin da ya ƙera motar ƙara daga nan abu ne mai wuya. Motar an ƙera ta ne domin kasuwar Amurka, ta bi ta hannaye da dama, kuma abu na farko da lauyoyinsu za su ce shi ne ba su san abin da aka canza a cikinta ba tun da ta bar hannunsu. Kiran gyara da aka yi a can dillalansu na can ya hau, wakilinsu na nan yana iya cewa ba shi ya shigo da ita ba. Sannan kotu diyyar asara take bayarwa, kai kuma Allah Ya tsare, babu rauni babu rasuwa. Duk da haka ka rubuta wa kamfanin da wakilinsa wasiƙa ɗauke da lambar shasi, ka riƙe kwafi, domin amsarsu ko shirunsu duka hujja ne nan gaba.

Wanda ya fi kusa da hannunka shi ne dillali, kuma maganarsa ta cewa ka gwada ka gani ba ta rufe ƙofa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya marar aibi wanda ya dace da abin da aka saye shi dominsa, kuma ana iya shigar da koke a hukumar. Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye ta jiha. A fiƙihunmu kuwa akwai zaɓin mayar da kaya saboda aibi, matuƙar aibin tsoho ne da ya riga ciniki kuma ɓoyayye ne da ba a gani da duban yau da kullum. Wata bakwai lokaci ne mai tsawo, don haka aikinka shi ne tabbatar da cewa aibin tare da motar ya zo. Idan binciken lambar shasi da Hajiya Ummu Aiman ta ambata ya nuna kiran gyara da aka yi tun kafin ka saya, to ka sami wannan hujjar. Idan kuwa kai ne ka ɗora shimfiɗar roba bayan saye, dole ka faɗa wa kanka gaskiya cewa maganar ta canza.

Abu Safiyya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Injiniya, na leƙa da fitila kamar yadda ka ce. Shimfiɗa biyu ce, ta robar tana sama, kuma tare da ita na karɓi motar, domin tana nan a hoton da dillalin ya turo mini ta WhatsApp kafin mu yi ciniki. Ƙugiya ɗaya ta karye, gefen robar kuma yana da zane daidai inda ƙasan totur ke gogarsa. Sai dai bayan na ɗauki hoto na janye shimfiɗun duka biyu, na danna totur da hannu mota tana kashe, sau biyu cikin goma ya dawo a hankali maimakon ya yi tsalle ya dawo. Na sa ɗana ya ɗauki bidiyon wannan ma. Hajiya, na kwafi lambar shasi zan duba da daren nan. Barista, gobe da safe mai na'urar zai zo gida ya karanta ƙwaƙwalwar a nan inda motar take ajiye, domin ba zan hau titi da ita ba. Tambayar da ta rage mini ita ce, wasiƙar dillali zan fara aikawa, ko in jira sakamakon lambar shasin in haɗa su gaba ɗaya?