Zan sayi ƙaramin jirgin ruwa na iska: waɗanne ƙarin kaya ne suka cancanci kuɗinsu?

Bakatsinen Portsmouth ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina koyon tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska a nan kudancin Ingila, kuma yanzu na yanke shawarar sayen nawa, wato Drascombe Lugger, jirgin da John Watkinson ya zana, wanda tsawonsa ya kai mita 5.7, nauyinsa kuma kusan kilo 340. Na zaɓe shi ne saboda ana ɗora shi a tirela a ja da mota, ga shi babban ƙyallen iskarsa ba shi da sandar ƙasa da za ta bugi kan yaro idan iska ta juya. Niyyata in riƙa fita da iyalina a Chichester Harbour, wata mashigar teku da ke kusa da mu, da bazara kuma mu ja shi zuwa tafkin Windermere da ke arewacin Ingila.

Mai sayarwa ya miƙo mini takardar ƙarin kaya mai tsawo: tirela iri biyu, inji na fetur ko na batir, tamfol, rumfar kwana, kushin, rediyon oba-oba, na'urar auna zurfi, anka da sauransu. Kuɗin da na ware ba zai ɗauki rabinsu ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su nuna mini abin da ya kamata in saya tare da jirgin, da abin da zai iya jira.

Ɗan Yawuri ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri. Shawarata ita ce ka fara da tirela, domin ita ce za ta yanke maka sau nawa za ka fita a shekara. Jirgin da saukar da shi ke buƙatar ƙarti uku, a ƙofar gida zai ƙare, wanda kuwa mutum ɗaya zai sauke ya ɗora, shi ake fita da shi ko da yammacin Juma'a ne. Ka ɗauki wadda aka yi wa rufin da ke hana tsatsa, mai ƙananan tayoyin roba da jirgin ke gangarawa a kansu, da gindin baya mai lanƙwasawa, ta yadda za ka tsaya a bakin ruwa ka tura jirgin ba tare da ka nutsar da tayoyin tirelar ba.

Na nanata wannan ne saboda abin da ya same ni. Tirelata ta farko mai araha ce, dole sai na shigar da ita cikin ruwan gishiri har ya rufe tayoyi. Bayan doguwar tafiya boris yana da zafi, da ya taɓa ruwan sanyi sai iskar da ke ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa, gishiri ya gauraya da giris, tsatsa ta fara aikinta a ɓoye. Wata rana muna dawowa da magariba na ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, na tsaya a gefen titi, na kai hannu kusa da tayar na ji zafi kamar na murhu, giris ya narke ya zubo baƙi ƙirin. Sai da aka zo da motar ɗauka. Tun daga ranar ba na fita sai da safaya, da jak, da boris na canji, kuma idan na isa bakin ruwa nakan ɗaura sanduna da ƙyallaye tukuna, tayoyin su huce.

Ka kuma duba doka. A Birtaniya tirelar da ba ta da birki ba za ta wuce kilo 750 ba, har da nauyin ita kanta da duk abin da ke kai, kuma kada ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Jirgi da inji da anka da tankin mai da kayan yara suna taruwa da sauri, don haka ka haɗa lissafin kafin ka zaɓa. Gudun da aka yarda kuwa mil 60 ne a awa a kan babbar hanya, mil 50 a kan titi mai hannu biyu da ba a raba ba, kuma Windermere tafiya ce ta yini guda daga wurinku.

Abu na biyu shi ne rigar ceto, kowa da tasa daidai jikinsa. Ni da na tashi a bakin Kwara, na kuma ga irin makokin da aka yi lokacin da jirgi ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021, ba na sassauci a nan. Wadda aka rubuta wa 50N (lambar da ke nuna ƙarfin ɗaga mutum a ruwa) taimakon iyo kawai take yi, ta 150N ce aka ƙera don ta juya fuskar mutum sama ko da ya suma. Ka tabbata tana da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba sai ta zame ta haye kan mutum.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Na yarda da duk abin da Ɗan Yawuri ya faɗa, sai dai zan ƙara ma'auni guda da zai taimake ka, ƙanena. Ka raba takardar gida biyu: abin da sai an huda jikin jirgi ko an ɗinka a ƙyalle kafin a sa shi, da abin da ake saya a shago a ajiye a ciki. Na farkon shi ne za ka biya yanzu, domin yin sa daga baya ya fi tsada kuma ba ya kai na masu ƙira kyau. A cikinsa akwai layin rage faɗin babban ƙyalle idan iska ta yi ƙarfi, da na'urar naɗe ƙyallen gaba daga inda kake zaune, da famfon hannu na kwashe ruwa, da mazaunin filafilan tuƙi. Lugger na da ƙaramin ƙyalle na uku a baya, kuma idan iska ta tsananta mutum na iya sauke babban ya ci gaba da na gaba da na baya cikin natsuwa, amma hakan na buƙatar igiyoyin su kasance a inda hannu zai kai.

Game da inji, ni na fetur nake ba ka shawara, mai ƙarfin doki 4 zuwa 6. A mashigar Chichester ruwa na fita da ƙarfi idan teku na janyewa, kuma idan kana dawowa da yara sun gaji, iska ta mutu, kana buƙatar injin da za ka ƙara wa mai ka ci gaba. Ka tambayi masu ƙira tsawon ƙafar injin da ta dace da ramin da aka yi masa a bayan jirgin kafin ka biya. Tun 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a nan shi ne E10, wato mai gauraye da sinadarin ethanol, wanda ke jan danshi idan ya daɗe a ajiye, saboda haka ka rufe mai ka bar injin ya shanye na cikin kafireto kafin ka ajiye shi.

Maman Yara a Kendal ta amsa:

Baba Injiniya, da girmamawa, a kan inji ban bi ka gaba ɗaya ba. Mu a Windermere muke tuƙi, inda babu cikar teku da janyewarta, kuma tun 2005 aka taƙaita gudun jirage a tafkin. Muna amfani da injin Torqeedo na batir, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da doki 3, kuma bai taɓa gaza mana ba. Babu warin fetur a cikin mota, babu jan igiya sau goma, ni kaina ina ɗaga shi domin batirin na cirewa daban. Amma na yarda cewa idan aka buɗe masa wuta duka, kamar awa guda zai yi ya ƙare, don haka wanda mafi yawan fitarsa a teku ne, maganarka ta fi ƙarfi.

Abin da ba a ambata ba shi ne tamfol. Jirgin a buɗe yake, ruwan saman ƙasar nan kuma ba ya sallama. Shekararmu ta farko mun rufe namu da leda, ganye ya toshe mafitar ruwa, muka tarar da shi cike kamar randa, katakon gefe ya yi baƙi. Ka sayi wanda aka ɗinka daidai jirgin. Kushin da rumfar kwana kuwa ka bar su sai kun yi kaka guda kun ga yadda yaran suka karɓi abin. Mu mun saya da ɗoki, sau biyu kacal muka kwana a ciki.

Bakatsinen Portsmouth ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na soke kushin, rumfa da na'urar auna zurfi, tunda farantin ƙarfen da ke ƙasan jirgin ana ɗaga shi idan ruwa ya yi ƙasa. Na riƙe tirela mai kyau, da kayan ƙyalle, da famfo, da tamfol, da injin fetur. Oba-oba na hannu zan saya, kuma na riga na yi rajistar kwas ɗin RYA, ƙungiyar masu tuƙa jiragen ruwa ta Birtaniya, na takardar shaidar amfani da shi, sannan in nemi lasisin Ofcom, hukumar kula da sadarwa. Saura anka: ƙasan Chichester taɓo ne da yashi, shin irin Danforth za ta wadatar, kuma sarƙa mita nawa kuke haɗawa kafin igiya?