Neman kalma: me za mu kira "band" ɗin mata zalla da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Yau kwana uku wata kalma ta tsaya mini a wuya, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku. Ina rubuta tarihin matan da suka haɗu su kaɗai suna kiɗa a Amurka, sai na iso kan abin da Turawa ke kira band, na rasa kalmar da za ta zauna daram.

Da farko na rubuta "mawaƙa mata", na dawo na goge. Mawaƙiya murya take bayarwa. Supremes da Ronettes, 'yan matan da suka yi tashe a shekarun 1960, su ne mawaƙa mata: suna gaba suna rerawa, masu kiɗan suna baya, kuma galibinsu maza ne. Matan da nake magana a kansu kuwa su ne riƙe da kayan kiɗan. Ku nemi hoton International Sweethearts of Rhythm ku gani. Mata ne sahu-sahu, na gaba kowacce da saksofon rataye a wuya, na baya da ƙahonin busa, ɗaya can sama zaune a bayan ganguna. A 1937 aka kafa su a makarantar Piney Woods ta jihar Misisifi, makarantar yaran baƙaƙen fata marasa galihu, don su riƙa yawon kiɗa suna tara mata kuɗi. A 1941 suka ɓalle suka tsaya da ƙafarsu, Anna Mae Winburn ta zama jagora. A 1945 har Faransa da Jamus suka je suka yi wa sojojin Amurka wasa. A jihohin kudu kuwa cikin motarsu suke kwana, don otal ba ya karɓar baƙar fata, kuma fararen da ke cikinsu, irin su Roz Cron, sai sun shafa hoda mai duhu don kada 'yan sanda su kama su da laifin cuɗanya. Idan na kira waɗannan "mawaƙa", na ƙwace musu abin da suka sha wuya a kansa, wato hannu da numfashi.

Wani malami ya ce in sa "badujala". Malam, Allah ya ƙara sani, kalmar tamu ce kuma tana da armashi. Amma duk Bahaushen da ya ji badujala, fareti zai hango, da soja ko ɗan sanda cikin kaki. Ba za ta ɗauki mata huɗu masu jita ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo "zabiyoyi", wata ta ce "'yan amada". Zabiya ma murya ce, amada kuma sunan wani salo ne takamaimai. "Tawaga" aike take nufi, "gungu" kuma taro ne da babu tsari. "Ayari" ta burge ni ƙwarai, don waɗannan mata rabin rayuwarsu a kan hanya suka yi ta, sai dai ba kowane band ke tafiya ba.

Inda na tsaya shi ne "ƙungiyar makaɗa". Na san mai busa mabushi ne, ba makaɗi ba, amma bakinmu ya riga ya saba da cewa "makaɗa" ya haɗa da mai ganga da mai tsirkiya da mai busa. Na matan kuma, "ƙungiyar makaɗa mata zalla". Kada a yar da "zalla" ɗin nan, ita ce ke ɗauke da labarin. Mata ba don sha'awa kawai suka ware ba, ƙofa aka rufe musu. Babbar ƙungiyar makaɗa ta Biyana a Ostiriya ba ta karɓi mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai 1997. Caroline Nichols kuwa tun 1888 ta kafa ƙungiyar mata zalla ta Fadettes a Boston. Har zuwa 1982 abin labari ne a ce faifan matan Go-Go's ya hau matsayi na ɗaya a Amurka alhali su suka tsara waƙoƙinsu, su suka kaɗa.

To ga inda maganar ta yi nauyi, kuma ba zan kewaye ta ba. Wani ya rubuto mini cewa ai duk irin waɗannan ƙungiyoyi na 'yan madigo ne, in kira su haka a huta. Ɗan'uwa, wannan ƙazafi ne ga mata da yawa waɗanda kiɗa kawai ya haɗa su. Amma share zancen gaba ɗaya shi ma ƙarya ce a tarihi. Tiny Davis, gwanar busa ta Sweethearts, ta yi sama da shekara 40 tare da abokiyar zamanta Ruby Lucas, kuma sun buɗe gidan rawa a Shikago a shekarun 1950. Mawaƙiya Ma Rainey ta yi waƙa a 1928 da ta fito da zancen fili. Mai rubuta tarihi zai faɗi abin da ya tabbata a kan wadda ya tabbata, ya bar sauran da sunansu na makaɗa.

Wace kalma ke nan? Muna da "'yar madigo" da "ɗan luwaɗi", kowa ya san su, kuma kowa ya san da nauyin da ake furta su. "Ɗan daudu" ba ta shiga nan ba, don ita ɗabi'a da salon magana take nunawa. Kafafen labarai sun saba da "masu auren jinsi", amma a wannan tarihi kuskure ce ƙarara: Tiny Davis ta rasu a 1994, irin wannan aure kuwa bai halatta a dokar Amurka baki ɗaya ba sai 2015. Ba za ka ce mutum ya yi auren da babu shi a zamaninsa ba. Ni dai idan zancen ya haɗa maza da mata, "masu neman jinsinsu" nake sawa. Idan matan ne suka kira kansu da sunan, sai in rubuta "'yan madigo" kai tsaye, ba ƙari ba ragi.

Hakan ya faru da Olivia Records, kamfanin faifai da wasu mata 'yan madigo suka kafa a Washinton a 1973, suka kuma bayyana kansu haka. Sun yi ƙoƙarin ganin mace ce ke kiɗa, mace ke ɗaukar sauti, mace ke kai faifan kasuwa. Faifan mawaƙiya Cris Williamson na 1975 shi ya ɗaga su, kuma June Millington, mai jitar ƙungiyar Fanny, ta sa hannu a cikinsa. Daga 1976 zuwa 2015 kuma ana yin bikin kiɗa na mata a jihar Mishigan duk shekara. Wannan yunƙuri shi suke kira women's music, kuma nan ma akwai tarko. Idan na ce "waƙar mata", mai karatu zai ɗauka duk waƙar da mace ta rera ce. Na gwada "kiɗan mata don mata", na karanta jimlar da ƙarfi sau biyu, na ji ta zauna.

Hajiya da ta ce "ƙungiyar makaɗa mata zalla" ta yi tsawo, gaskiyarki ne, ranki ya daɗe. A farkon rubutu zan kawo ta cikakkiya, daga nan in riƙa cewa "ƙungiyar" kawai. Abin da ya rage mini yanzu shi ne ƙahon da Tiny Davis ke busawa. Na ga masu sa "kakaki", amma kakaki dogo ne kuma ba shi da maɓallai uku da ake dannawa da yatsu. Masu busa a cikinku, me kuke kiransa?