Golf 3 wagon ko 406? Ku ba ni shawara kafin Lahadi

Malam Sabo Taura: Assalamu alaikum. Na sayar da shanu biyu da riɗi, ina son mota. An nuna min Golf 3 wagon ta 1997 mai inji 1.8, da kuma Peugeot 406 mai inji 2.0, duk masu giyar hannu. Aikina kai iyali Ringim, ran Lahadi kuma in ɗora buhu huɗu zuwa Gujungu. Hanyarmu yashi ce, da damina taɓo. Wacce za ta jure?

Ɗan Gujungu: Wa alaikumus salam. Malam, ka ƙara kuɗi ka sayi Corolla kawai.

Malam Sabo Taura: Shanun biyu ne, ƙanena, ba garke ba.

Oga Bala Makanike: Golf. Injinta bawul takwas ne, kowane yaro a garejin ƙauye ya san cikinsa, kayanta kuma zube suke a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. 406 ta fi daɗin zama, a kwalta kamar kana kan katifa, amma bawul sha shida ce, ba ta son wasa da ruwa ko waya.

Alhaji Ado: Kar wanda ya ƙara ce min 406! Tawa dillali ya rantse haɗin Kaduna ce, mace ɗaya ta hau ta. Ranar kai amaryar ƙanena muna tsakanin Garki da Gumel ta tafasa, fankar lagireto ta tsaya ban sani ba. Gaskit ya ƙone. Aka sauke mata da kwanukansu a bakin titi, amarya ta ƙarasa a akori-kura. Wata biyu tana gareji, mai gyaran wayoyin mota ya ce biren bos (kwamfutar injin), wani ya ce sansa. Har yau dangin amarya "Alhaji mai tafasa" suke ce min. Miliyan biyu da rabi na zuba, ƙarshe na sayar wa 'yan gwangwan.

Ɗan Gujungu: Alhaji an yanke ka. Maƙwabcina miliyan ɗaya da ɗari takwas ya saya.

Oga Bala Makanike: A wannan kuɗin sai dai gangar jiki. Mai lafiya yanzu ta haura uku.

Direba Iliya: Ranka ya daɗe, allurar zafi na gabanka ba ka kallo, laifin motar ne? Shekaruna ina jan 406 layin Haɗeja. Tankinta lita 70, kana cikawa ka manta da gidan mai. Shi kuma Oga Bala ai Golf yake gyarawa, dole ya yabi kasuwarsa.

Oga Bala Makanike: Kai kwalta kake bi. Malam yashi ya ce.

Inna Ladi: Malam, jakin Baba yana nan, ba ya tafasa.

Direba Iliya: Ni abin da ke kashe motoci a nan man 'yan bumburutu ne. Galan ɗaya na sha a hanya, famfon mai ya tafi.

Ɗan Gujungu: To ya za mu yi? Gidan man da ya fi kusa da mu sai ka ƙona lita biyu kafin ka je, ka tarar kuma a rufe.

Malam Sabo Taura: Jama'a, buhu huɗun fa, wacce ce ƙasanta ba zai taɓa ba?

Alhaji Ado: Iliya, a wane gari ka sayi galan ɗin? Ina jin mutum ɗaya ne ya cuce mu.